Zanen da Zare Bai Rufe Ba

Ni dai karatun bokona a aji huɗu ya tsaya, na firamare kuma, kada wani ya ɗauka jami'a nake nufi. Abu biyu na fito da su daga makaranta: iya rubuta wasiƙa da iya riƙe biro. Wasiƙa ta mutu ta bar ni, biron kuwa da shi na ci abinci shekara hamsin da 'yan kai a Birnin Kudu, domin sana'ata zanen hula da riga ce.

Ga wanda bai sani ba, ba ni ke ɗinki ba. Ni nake zana fasalin aikin a jikin farin ƙyalle, masu allura su bi layina da zare. In sun gama, layin ya shige ƙarƙashin zare ke nan, ɗan abin da ya leƙo kuma wanki ya tafi da shi. Mafi yawan abin da na zana mai ɗakina ce ta ɗinke shi, sauran kuma matan unguwa. Ranar idi nakan tsaya a sahun baya in ga kawuna rututu ɗauke da aikina, amma babu layi ɗaya nawa da ido zai iya gani. Kowa ya ga hula ta burge shi sai ya ce, "Wa ya ɗinka?" Ban taɓa jin an ce wa ya zana ba. Ban kai ƙara wajen kowa ba, ni ba mai son rigima ba ne. Sai dai abin yana nan a raina kamar tsakuwa a takalmi. Ina so kafin a kai ni makwanci a samu mutum ko guda, wanda ba mai allura ba, ya kalli layin da na ja ya ce wani abu a kansa.

Ana nan, da daminar bara, jikata ta zo mana hutu. 'Yar 'yata ce, iyayenta suna Gwaram, ita kuma tana karatun aikin jinya. Ni nakan ce mata Amarya, kamar yadda kowane kaka mai ji da kansa yake yi, ita kuma ta ce mini Tsoho, ko kunya babu. Kullum da hantsi sai ta shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar tsakar gida ta duƙufa a kan wani littafi. Na ɗauka karatun allura da magani take yi, har ina hana kaji damunta. Ran nan na leƙa.

Mutane na gani, amma ba irin waɗanda na saba gani ba. Ido kamar murfin kwano, hanci kamar ɗigon ba, haɓa kamar tsinken tsire, gashi kuwa a tsaitsaye kamar ganyen rake.

"Amarya," na ce, "waɗannan bayin Allah wane ciwo ke damunsu? Su ne marasa lafiyar da ake koya muku?"

"Kai Tsoho, ba ka waye ba. Anime ake ce masa. Salon zanen mutanen Japan ne, ni nake zana su."

"To, Allah ya ba su lafiya. Wannan ido ai in abu ya faɗa ciki sai an sa tsintsiya."

Ta kai mini dukan wasa da littafin, na kauce, sai ya buɗe a wani shafi. Nan raha ta ƙare. Ta zana wani saurayi cikin babbar riga, kuma wai har da aiki a ƙirji. Aska takwas ta so ta yi, na ƙirga na samu goma sha ɗaya. Tambarin, wato zagayen nan mai naɗe-naɗe da ake yi wa riga a ƙirji da baya, ya fito kamar igiyar da akuya ta tattake. Na gyara zama, na sanar da ita cewa idon mutanenta tsakaninta da Japan ne, amma wannan riga cin mutuncin gidanmu ne, kuma ba za a yi shi ina raye ba. Na ɗauko birona. A sabon shafi na sa ta fitar mini da saurayin da rigarsa fara fat, ni kuma na zuba masa aiki yadda ake yi, aska takwas cif, kowace a mazauninta.

Ta ƙura wa shafin ido. Sai ta ɗauki hoton shafin da wayarta, ta yi 'yan danne-danne, ta ajiye.

Kafin la'asar wayar nan ta hana kowa sakat. Ta zo ta tsuguna kusa da ni tana murmushi, ta ce bari ta karanta mini wani saƙo. Wani ne ya rubuto daga Maraɗi: "Don Allah wa ya zana aikin rigar nan?"

"Sake karantawa," na ce.

Ta sake.

"Ba ki yi kuskure ba? Zana ya ce ko ɗinka?"

"Zana ya ce, Tsoho."

Sau uku na sa ta karanta. Mai ɗakina tana bakin murhu ta ce, "Malam, ka bar yarinya ta huta, ba Fatiha ba ce."

A nan Amarya ta yi mini bayani. Ashe wani zaure gare su a cikin waya, na masu irin wannan zane. Akwai na Kano, akwai na Zariya, akwai na Maraɗi, har da na Kumasi. Kowa ya zana abinsa sai ya saka, 'yan uwa su gani su tofa albarkacin bakinsu. Na ce wato majalisa ce da ba a ɗinki a cikinta, layi kawai ake kallo? Ta ce haka ne. Na miƙe tsaye, ni da gwiwata ba ta yarda da gaggawa ba, na shiga ɗaki na ɗauko wayar shafa da ɗana ya saya mini, wadda ban san komai nata ba sai amsa kira da sauraron wa'azi. Na ce ta shigar da ni yanzu-yanzu.

Ta shigar da ni, ta koya mini inda ake dannawa a ɗauki hoto, inda ake dannawa a tura, da inda ake riƙewa a yi magana. Ta ce in rubuta gajeriyar sallama. Na ce ban taɓa shiga majalisa da gajeriyar sallama ba. Na riƙe wurin maganar na gaida jama'a yadda ya kamata: ya gida, ya iyali, ya damina, ya yabanya, ya tsofaffi, ya masu jiki. Amarya tana ta yi mini alama da hannu in tsaya, ni kuwa ban kai kan makwabta ba tukuna. Aka yi ta amsawa da dariya. Na Kumasi ya ce tun da ya shigo zauren babu wanda ya taɓa tambayarsa lafiyar mahaifiyarsa sai yau, kuma tana gaishe ni.

Sai shugabar zauren ta yi magana. Adimin suke ce mata, wata baiwar Allah ce a Zariya, muryarta irin ta shugabar makarantar da ba a makara. Ta yi mini maraba, sannan ta faɗi ƙa'ida. Duk sabon shiga yana da kwana goma ya saka zanen mutum guda da ya yi da kansa, a salonsu, kuma yadda za a ga layin hannunsa sarai, domin akwai masu ɗauko na wasu, akwai kuma masu sa na'ura ta zana musu. Wanda kwana goma suka cika bai saka ba, a cire shi, ba gaba ba ƙiyayya. Na ce, "Hajiya Adimin, an gama." Ni da nake zane tun ba a haifi babanta ba.

Washegari Amarya ta koma Gwaram, ta bar ni da aiki.

Na fara da takarda, biro ya riƙa zamewa kamar ɗan akuya a kan siminti. Na ajiye ta na koma abin da na sani, na yanko farin ƙyalle kamar faɗin tafin hannu biyu, na ɗame shi a kan allon da nake ɗorawa a gwiwa. Sai rigimar fuska. Ni ban taɓa zana fuska ba a rayuwata. Kwana biyu ina fama da idanun nan. Na farko ya fito mujiya, na biyu ya fito kwaɗo, na uku kuwa mai ɗakina ta leƙa ta ce ya yi kama da wani ɗan uwana, har muka yi 'yar ba-ta-kashi da baki. A rana ta uku dabara ta zo mini. Hajiya Adimin mutum ta ce, ba ta ce sai ya fuskance ta ba. Na juya shi ya ba da baya.

Na tsayar da shi a kan ɗaya daga cikin duwatsun bayan garinmu, irin waɗanda mutanen dā suka zana shanu a jikinsu, yana hangen gonarsa ta dawa. Na lura a littafin Amarya mutanen nan kullum iska tana kaɗa su, ko a cikin ɗaki suke, saboda haka na sakar masa iska ta ɗaga hannun rigar sama. Na bar gashi ya leƙo a tsaitsaye ta ƙarƙashin hula, don kada Japan ta ce an cuce ta. A tsakiyar bayansa kuma na zuba tambari, zagaye biyar, da duk abin da na sani. Ina yi ina waƙa a hanci. Rabona da jin irin wannan daɗi tun ina saurayi.

Da na gama a rana ta huɗu, na ɗaga shi na kalla, sai kunya ta kama ni.

Dole in yi bayanin wannan, in ba haka ba za a ce tsufa ne. A sana'armu ba a nuna wa mutumin waje zanen da ba a ɗinka ba. Tsirara yake. Kamar ka kai wa baƙo gari a kwano ka ce ga tuwo. Shekara hamsin hannuna ya saba, da na ɗaga biro sai in miƙa ƙyalle ga mai allura. Na tuna mutanen Kano da na Kumasi za su gani, na ce ina, ba za a fara sanina da ɗanyen aiki ba. Na nufi mai ɗakina da shi.

"Malam," ta ce, "na ji kamar yarinyar nan zane ta ce suna so."

"Zanen ne ai. Sutura kawai za ki sa masa. Cikin manyan mutane zai shiga."

"To. Kai ne mai aji huɗu."

Ta sa tabarau ta zauna masa kwana huɗu cur. Rigar ta yi ta da shuɗin zare, tambarin da ruwan ƙwai, dawar kore shar, har iskar sai da ta bi da farin zare. Ta wanke, ta goge. Wallahi abin ya yi kyau, har makwabta suka shigo kallo. A rana ta takwas na sa sabuwar hula, duk da ba ni za a ɗauka ba, na ɗauki hotonsa na tura.

Nan da nan alamun zuciya suka fara zubowa, jajaye, kamar an zazzage buhun tumatir. Ina zagaya tsakar gida da waya a sama ina sanar da kaji. Sai ga saƙon murya daga Zariya.

"Baba, sannu da ƙoƙari. Gaskiya wannan ɗinki ya yi kyau ƙwarai. Wa ya ɗinka? A gaishe mana da shi. Sai dai mu ba mu ga zane ba, zare muka gani. Ƙa'ida ta ce layin hannunka. Saura kwana biyu."

Na nemi turmi na zauna. Wato an buɗe mini ƙofar da na shekara hamsin ina jira, ni da hannuna na kai aikin aka binne. Na juya ƙyallen ko layi ya tsira ta baya, babu komai sai ƙulle-ƙullen zare. Na ce ko a warware? Mai ɗakina ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Taɓa ka gani." Ko da ma an warware, wanki ya riga ya cinye tawadar.

Na kira Amarya na faɗa mata. Ta yi dariya har na ji wayar ta faɗi. Da ta ɗauka ta ce, "Tsoho, ba a barinka kai kaɗai. Ka taho Gwaram gobe da ƙyallenka da bironka. A gabana za ka zana, in ɗauki hannunka a bidiyo, in tura kafin ka samu wanda za ka miƙa wa."

Da sassafe na shiga bas. Ranar kasuwa ce, an cusa mu kamar goro a huhu. Kusa da ni wani mutumin Fagam ne, da zakaru biyu a cinyarsa. Ya ga na rungume allo a ƙirji ya ce, "Baba, makaranta za a koma?"

"Jarrabawa zan je."

"Ta aikin gwamnati?"

"Ta fi ƙarfin gwamnati. Daga Zariya ake duba ta, salon kuma na Japan ne."

Ya gyara wa zakarunsa zama, ya ɗan matsa ya ba ni wuri. Da zan sauka ya ce Allah ya ba da sa'a, in kuma an samu shiga kada a manta da su.

A gidan 'yata ban bari gaisuwa ta yi tsawo ba, abin da ya sa ta tambaya ko lafiya. Amarya ta shimfiɗa mini tabarma a gindin mangwaro inda haske yake, ta tsaya a bayana ta saito wayar ta saman kafaɗata. Na ɗame ƙyalle, na cire murfin biro. Sai na tsaya da biro a sama, na kasa sauke shi.

Ba tsufa ba ne ya hana ni. Ban taɓa jan layi baƙi suna kallo ba, shi ke nan. Ina ji a jikina kamar Kano da Maraɗi da Kumasi duk sun leƙo ta kafaɗata suna numfashi.

"Ango ya tsorata," in ji Amarya. "In kira maka mai allura?"

"Riƙe wayarki da kyau, 'yar nema. Ni da ake kawo wa aiki daga garuruwa."

Na yi bisimilla na ɗora biro a kafaɗar mutumin, na ja hannun rigar tun daga wuya har inda iska ta kai shi, ban ɗaga ba. Daga nan na manta da waya, na manta da Zariya. Dutse ya fito, dawa ta fito, gashi ya miƙe, tambari ya naɗe zagaye biyar. Da na ɗaga biro, kafin hannuna ya yi abin da ya saba, Amarya ta fizge ƙyallen ta ɗauki hotonsa. Ta yi wa bidiyon wata dabara ya riƙa sauri, na ga hannuna yana gudu kamar na ɗan shekara ashirin. Sabis ya ƙi a cikin gida, sai da muka fita bakin titi, tana ɗaga waya sama ina binta a baya da allo, 'yan acaɓa suna kallonmu. Can ta ce, "Ya tafi."

Aka kawo tuwo na kasa ci. Ina zaune ina kallon zanena a fuskar waya, baƙin layi a kan fari, babu zare ko ɗaya, kuma yanzu haka yana hannun mutanen da ban taɓa gani ba. Saƙonni suka fara shigowa, Amarya tana karantawa. Wani ya ce ya maimaita bidiyon har bai san adadi ba. Wata ta nemi izini ta kwaikwayi hular. Ni dai muryar Zariya nake jira.

Bayan azahar ta zo.

"Baba, mun gani. Ka zama ɗan gida, barka da zuwa." Amarya ta rangaɗa guɗa har uwarta ta fito da ludayi a hannu. Hajiya Adimin ta ci gaba, "Al'adarmu, zanen farko ana yi masa yabo ɗaya da gyara ɗaya. Yabon shi ne hannun rigar nan da ka ja da layi guda ba ka ɗaga biro ba, a cikinmu babu mai iya wannan. Gyaran kuma, tambarin baya. Zagaye na uku ya ɗan karkata hagu, ya matse na biyu."

An ce wanzami ba ya son jarfa. Na ji jini ya hau mini kai. Tambari? Ni? Na ce Amarya ta buɗa hoton da yatsunta yadda suke yi. Ta buɗa har tambarin ya cika wayar. Na ƙirga, ɗaya, biyu, uku.

Ya karkata. Kaɗan ne, kamar kaurin zare biyu, amma ya karkata.

Ina kallonsa sai fushin ya zame, wani abu ya maye gurbinsa, har na ji ina dariya ni kaɗai. Baiwar Allah nan, a can Zariya, ta zauna ta bi layina zagaye bayan zagaye har ta kai na uku ta tsaya. Ko masu allura ba su taɓa ce mini komai a kansa ba. Na riƙe wurin magana na yi mata godiya mai tsawo, na gaida iyayenta, na kuma sanar da ita cewa za a binciki lamarin.

Kafin magariba ina gida. Tun daga zaure nake kiran mai ɗakina, na same ta tana tankaɗe. Na ba ta labari tun daga zakarun Fagam har zuwa guɗa, sannan na sassauta murya na ce an samu wata 'yar matsala a zagaye na uku, wataƙila saboda allon bai zauna daidai ba.

Ko ɗagowa ba ta yi ba. "Na uku? Ai tun muna ƙauye a Kangire yake karkata hagu. Nakan ja shi dama da allura."

"Kowane tambari?"

"Kowanne."

"Shekara nawa ba ki taɓa faɗa mini ba!"

"Ka taɓa tambaya?"

Gaskiyarta, ban taɓa ba. Sai na shiga ɗaki na yanko sabon ƙyalle, na ɗame shi a kan allo, na jawo kujera kusa da ita tun da sauran haske. Na ce ta ajiye rariyar ta tsaya a kaina, kada ta taɓa allura, in ta ga wani abu ta yi magana da baki. Ta karkaɗe hannunta, ta ɗauko tabarau, ta tsaya.

Na ja na ɗaya. Na ja na biyu. Na ja numfashi na shiga na uku a hankali, kamar mai tsallaka rafi.

"Hagu, Malam," ta ce.

"Ban ma kai rabi ba!"

"Hagu dai. Yanko wani ƙyallen."